Sassaƙar Ɓarin Jirgin Ruwa: Wasan Banza Ko Adana Ilimi?

Akwai wata ɗabi'a da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wadda kuma na lura ta zama ruwan dare a tsakanin 'yan boko da ma waɗanda ba su yi bokon ba, wato raina duk wani aikin hannu da mutum zai zauna ya yi don sha'awa, ba don a biya shi ba. Da zarar an ga magidanci ya duƙufa a kan guntun katako yana fiƙe shi da yamma bayan ya taso daga wurin aiki, tambayar farko da za a yi masa ita ce, nawa za ka sayar? Idan ya ce ba na sayarwa ba ne, sai a kaɗa kai a ce wane dai ya rasa abin yi. A wannan maƙala ina so in ɗauko misali guda daga wata ƙasa mai nisa, domin in nuna wa mai karatu yadda irin wannan aiki da ake wa kallon wasa ya riƙe wani ilimi da kasuwa ta yar a kan hanya. Misalin kuwa shi ne sassaƙar ɓarin jirgin ruwa na katako, aikin da mutane da dama a Amurka da Ingila da sauran ƙasashen bakin teku ke yi a gidajensu don ɗebe kewa.

Da farko dai, mene ne ɓarin jirgi? Mai karatu ya ƙaddara an sassaƙa ɗan ƙaramin jirgin ruwa wanda tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba, aka raba shi gida biyu tun daga goshi har wutsiya kamar yadda ake ɓare goro, sannan aka ɗauki ɓari guda aka manna shi a jikin allo, aka rataye a bango. Babu dogayen sanduna a kansa, babu ƙyallen kama iska, babu inji, babu wurin zama. Gangar jikin ce kurum, wato wannan ɓangare da ke kwanciya a cikin ruwa yana keta shi. Dalilin da ya sa ake sassaƙa rabi kawai a fili yake: gefen dama na jirgi da gefen hagu tamkar an tsaga kara ne, don haka duk wanda ya san siffar ɗaya ya san ta ɗayan. Sassaƙa gefe guda na rage wahala, yana kuma kawar da haɗarin a ce gefen nan ya fi wancan kumburi.

Asalin wannan abu kayan aiki ne, kamar yadda gizago yake a hannun masassaƙin turmi. A ƙarni na 18, manyan ma'aikatun ƙera jiragen yaƙi na Turai sun riga sun saba da zana jirgi a takarda kafin a sare itace ko guda, har ma wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Fredrik af Chapman ya wallafa babban kundin zane-zanen jirage a shekarar 1768. To amma akasarin masu ƙera jiragen fatauci da na kamun kifi a ƙananan garuruwan gaɓar tekun Amurka ba su zauna a aji sun koyi irin wannan zane ba. Abin da suka sani shi ne katako, da ruwa, da yadda su biyun ke zama da juna. Saboda haka idan attajiri ya zo yana son jirgi mai ɗaukar kaya da yawa, ko mai gudu, ko mai iya shiga ruwa marar zurfi, sai gwanin ya ɗauko gungumen katako mai laushi ya yi ta fiƙa har siffar da ke cikin kansa ta fito fili. Mai kuɗin ya riƙe ta a hannu, ya juya, ya ce a ƙara faɗi a nan, a rage a can. Gani ya kori ji, in ji Hausawa, kuma ciniki kan faɗa a kan abin da kowa ya gani da idonsa.

Babbar dabarar da ta ɗaukaka wannan sana'a ta bayyana ne a shekarun 1790, kuma galibi ana danganta ta da wani maƙerin jirage mai suna Orlando Merrill na garin Newburyport a jihar Massachusetts. Maimakon gungume guda, sai a yanka katako falle-falle masu kauri ɗaya, a jera su hawa-hawa, a haɗe su da turakun itace ko ƙusoshi masu murɗi, sannan a sassaƙa. Idan an gama, sai a zare turakun a warware fallayen. Kowane falle ya zama tamkar an yanka jirgin a kwance a wani mataki na zurfin ruwa. Daga nan a ɗora shi a takarda a bi gefensa da fensir, a auna faɗinsa a wurare da dama, a rubuta alƙaluman. Waɗannan alƙaluma ake kai wa wani dogon ɗaki mai shimfiɗaɗɗen daɓen katako, a ninka su, a zana jirgin a ƙasa da ainihin girmansa, daga zanen kuma a fitar da siffar kowane haƙarƙari nasa. Idan an ɗauki rabin inci a matsayin ƙafa ɗaya, jirgi mai tsawon ƙafa 40 zai zama inci 20 a jikin allo, kuma kuskuren kashi ɗaya cikin takwas na inci a wurin sassaƙa zai koma inci 3 a jikin babban jirgin. Ka ga ashe ba aikin gaggawa ba ne.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙananan kwale-kwale kaɗai aka fitar ta wannan hanya. A ranar 22 ga Agusta, 1851, wani jirgin tsere mai tafiya da iska da aka sa wa suna America ya kayar da jiragen Ingila a tseren zagaya tsibirin Wight, a gaban Sarauniya Biktoriya. Wanda ya tsara shi, George Steers, ya tashi ne cikin wannan al'ada ta fitar da siffar jirgi daga katako. Kofin da aka ci a ranar shi ne aka riƙa kira da sunan jirgin, kuma ƙungiyar masu jiragen tsere ta birnin Niyok ta riƙe shi shekara 132, sai a 1983 Ostareliya ta ƙwace shi.

Mutumin da ya kai wannan sassaƙa ƙololuwa shi ne Nathanael Herreshoff na garin Bristol a jihar Rhode Island, wanda ya rayu daga 1848 zuwa 1938. Abin lura a nan shi ne, wannan bawan Allah injiniya ne da ya yi karatu a babbar cibiyar fasaha ta Massachusetts, ya san lissafi, ya iya zane, amma duk da haka ya zaɓi ya riƙa fitar da siffar jiragensa da hannu daga katako. Idan ya gama sassaƙa, sai ya ɗora ɓarin a kan wata na'urar awo da ya ƙera da kansa, ya karanta alƙaluman ya rubuta a ƙananan littattafai, ya miƙa wa ma'aikata. Jirage biyar da ya tsara ta haka sun kare wancan kofi sau shida: Vigilant a 1893, Defender a 1895, Columbia a 1899 da 1901, Reliance a 1903, sai Resolute a 1920. A huɗu daga cikin waɗannan karawa, wanda ya sha kaye shi ne Sir Thomas Lipton, attajirin nan da sunansa ke kan ganyen shayin da muke sha kowace safiya. Duk dukiyar da ya zuba, siffar da wani mutum ya fiƙe daga guntun katako a ɗakinsa ta gagare shi.

Akwai kuma wani abu a tarihin gidan nan da ya fi komai jan hankalina. Yayan Nathanael, wato John Brown Herreshoff, wanda tare suka kafa kamfaninsu a 1878, makaho ne tun yana matashi. Duk da haka shi ne ke riƙe da harkar kasuwancin, kuma an sha ruwaito yadda yakan shafa jikin samfurin jirgi da tafin hannu ya gane inda ya yi daidai da inda yake da gyara. Zanen takarda ba shi da amfani ga makaho, amma ɓarin jirgi littafi ne da yatsu ke iya karantawa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa akwai wani irin sani da ke zaune a hannu, wanda ido da alƙalami ba su cika kaiwa gare shi ba.

To, zamani riga ne. Da ƙarfe ya maye gurbin katako, jirage suka ƙara girma, makarantun koyar da injiniyoyin jirgi suka yawaita, sai zanen takarda ya yi rinjaye. A ma'aikatun da ke bakin kogin Clyde na ƙasar Sikotilan an ci gaba da sassaƙa ɓarin jirgi har cikin ƙarni na 20, amma aikinsa ya koma na shata layukan da za a bi wajen yanka fallayen ƙarfe. Daga bisani kwamfuta ta zo ta karɓe ragowar aikin. Ma'aikatu da yawa suka rufe, samfuran da ke rataye a bangonsu kuwa wasu suka salwanta, wasu suka faɗa hannun masu tara kayan da. Yau wanda ya je gidan adana kayan tarihi na Herreshoff a Bristol zai tarar da ɗaki guda ɗauke da irin waɗannan ɓari kimanin 500, hedikwatar ƙungiyar nan ta Niyok kuma na da samfurin jirage sama da 1,000. Haka nan akwai tarin su a Mystic Seaport da ke jihar Connecticut da kuma gidan tarihin harkokin teku na Greenwich a Landan.

Amma gidan tarihi abin da aka riga aka yi yake ajiyewa. Ba ya iya ajiye yadda ake yin sa. Iya aiki a jikin mutum yake rayuwa, kuma idan mai shi ya mutu bai koya wa kowa ba, sai a bar mu da kayan kallo a bayan gilashi. A nan ne masu sassaƙa don sha'awa suka shigo. Tsofaffin ma'aikata da suka yi ritaya, da malaman makaranta, da likitoci, da masunta, su ne suka ɗauki kurfi da magagari suka ci gaba da yin abin da masana'anta ta daina buƙata. Har makarantu gare su, kamar wadda mujallar WoodenBoat ta kafa a garin Brooklin na jihar Maine, inda ake koyar da wannan sassaƙa tare da sauran ayyukan jirgin katako. Wani yakan sassaƙa jirgin da kakansa ya yi kamun kifi da shi, wani na wani shahararren jirgin tarihi, wani kuma na wanda yake burin ƙerawa wata rana. Babu wanda ya ɗauke su aiki, amma saboda su ne wannan fasaha ba ta zama labari ba.

Yadda suke yi a yau kusan juyin yadda magabata ke yi ne. Na da sukan fara da katako su ƙare da zane, na yanzu kuwa galibi da zane suke farawa. Mutum zai nemo taswirar jirgin da yake so, wadda ke nuna shi ta fuska uku: ta gefe, ta sama, da ta gaba. Ya kwafi layukan a kan fallayen katako, ya yanka kowanne da zarto, ya jera su ya manne da gam. Wasu kan sarƙa farin katako da ja, ko su sa siririn falle mai duhu a daidai inda ruwa ke tsayawa a jikin jirgi, domin layukan su fito. A wannan mataki abin kamar matakalar bene yake. Sai a shiga cire kusurwoyin da kurfi da magagari sannu a hankali, ana yi ana gwada wasu kwalaye da aka yanka daidai da siffar jirgin a wurare daban-daban. Idan kwali ya zauna daram ba tare da haske na ratsawa ta ƙarƙashinsa ba, wurin ya yi. Daga nan a ɗauko siririyar sanda mai lanƙwasa a kwantar a jikinsa domin ta fallasa tudu ko kwari, a bi da sanfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, a shafa man ƙyalli, a kafa shi a allo, yawanci goshin na kallon dama.

Abin da mutum ke samu a wannan zama ya wuce allon da zai rataya. Yana koyon karanta zane mai fuska uku har ya ga abu mai jiki a cikin kansa, wanda shi ne tushen aikin kowane injiniya da magini da kafinta. Yana koyon ma'auni da ninki ba tare da an tsare shi da bulala ba. Yana gane dalilin da ya sa jirgin kaya ke da faffaɗan ciki, na tsere ke da siririn goshi, na ruwa marar zurfi kuma ke da shimfiɗaɗɗen ƙasa. Uwa uba, yana koyon haƙuri na dole, domin katako ba ya karɓar uzuri: abin da ka cire ya ciru ke nan, ba ya komawa. A wannan zamani da komai ake gogewa a sake da danna maɓalli guda, ina ganin aikin da ke tilasta wa mutum ya auna sau uku kafin ya yanka sau ɗaya tarbiyya ce babba.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Na farko za su ce kwamfuta ta fi hannu daidaito da sauri, don haka me ya rage? Gaskiya ne, babu mai hankalin da zai ce a tsara jirgin dakon mai da kurfi a yau. Sai dai ina so a lura cewa manyan kamfanonin ƙera motoci na duniya, duk da irin kwamfutocin da suka mallaka, har yanzu suna biyan ƙwararru su sassaƙa sabuwar mota da wani irin yumɓu, su shafa ta da hannu, su dube ta a hasken rana kafin a amince da siffarta. Ba don ƙaunar gargajiya suke kashe wannan kuɗi ba. Sun gano cewa abin da ya yi kyau a fuskar kwamfuta yakan zo da wani aibi da sai hannu ke kama shi. Kuma ko mai aiki da kwamfutar, wanda ya taɓa fiƙe siffa da hannunsa ya fi saurin gane inda injin ya kauce.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi. Za a ce ido da hannu suna yaudara, siffar da ta yi kyau ba lallai ta zama wadda ta fi dacewa da ruwa ba. Wannan ma haka yake, tarihi kuma ya tabbatar. A shekarar 1867 wani injiniya Bature mai suna William Froude ya gwada samfurin jirage iri biyu a ruwa, ɗaya mai tsinin goshi irin wanda masana lokacin ke yabo, ya kira shi Raven, wato hankaka, ɗayan kuma mai dunƙulallen goshi ya kira shi Swan, sunan wani tsuntsun ruwa dangin dinya. Da gudu ya yi gudu, sai mai dunƙulallen goshin ya fi sauƙin keta ruwa, saɓanin abin da ido ke zato. Daga irin wannan bincike ne aka gina masa doguwar kwatarniyar gwaji a garin Torquay a farkon shekarun 1870, wadda ta zama uwa ga duk wuraren gwajin jirage na yau. Darasin a nan shi ne ɓarin jirgi siffa yake nunawa. Ba ya faɗin nauyin da jirgi zai ɗauka kafin ya kife, wannan aikin lissafi ne da gwaji. Amma a tuna, shi kansa Froude sai da aka fara fitar masa da siffa a ƙaramin samfuri kafin ya sami abin gwadawa. Hannu ke kawo shawara, awo ya yanke hukunci, kuma kowannensu na buƙatar ɗan'uwansa.

Na uku za su ce ai wannan sha'awar masu hannu da shuni ce, ta mutanen da ke da jiragen shaƙatawa da ofisoshi masu sanyi. Ba na musun cewa tsofaffin samfura na asali sun zama kayan gwanjo masu tsada. Amma sassaƙa sabo ba ya cin wani abin a zo a gani: zarto, kurfi ɗaya ko biyu, magagari, sanfefa, gam, da ragowar katakon da kowane kafinta ke sharewa daga shagonsa. Abin ban sha'awa ma shi ne, ɗaya daga cikin katakon da masu haɗa ƙananan jirage a Ingila suka daɗe suna so saboda laushinsa da rashin nauyi shi ne obece, wanda daga dazuzzukan Afirka ta Yamma, har da Nijeriya, ake kai masu shi. Jan katakon da suke ƙawata aikin da shi kuma, wani lokaci dangin maɗacinmu ne. Ga wanda kalmar sassaƙa ke sa wa ɗar-ɗar kuwa, ya sani babu surar mutum ko ta dabba a nan. Siffar abin hawa ce, ƙanwar motar kara da yaranmu ke haɗawa bayan girbi, wadda mu manya kan kore su a kanta mu ce su je su yi abin kirki.

Hujja ta huɗu ita ce wadda na fi ji a bakin jama'a: mutanen da ke fama da abin sawa a bakin salati ina suka ga lokacin irin wannan? Amsata tana cikin tarihin Amurkar kanta. A shekarun 1936 da 1937, lokacin da karayar tattalin arziki ta jefa miliyoyin Amurkawa cikin zaman kashe wando, gwamnatinsu ta ɗauki masu zane da masanan jirgi da suka rasa aiki, ta tura su gaɓar teku su auna tsofaffin jiragen katako da ɓarin jiragen da suka rage a ma'aikatu, su zana su. Sun tattara bayanan ɗaruruwan jirage, aka damƙa wa cibiyar Smithsonian da ke Washinton. Ɗaya daga cikin jagororin aikin, Howard Chapelle, ya ci gaba da wannan hidima tsawon rayuwarsa, ya fitar da littafi a kan ƙananan jiragen Amurka masu tafiya da iska a 1951. Da yawa daga jiragen da suka auna sun ruɓe tuntuni, amma siffarsu na nan, kuma daga irin waɗannan zane-zane ne masu sha'awa ke sassaƙa a yau. Ba su jira sai sun ƙoshi ba, domin sun san tsohon jirgi da tsohon gwani ba sa jiran kowa.

Wannan ne ya kawo ni gida, domin mu ma mutanen ruwa ne ko da ba mu da teku a Arewa. A shekarar 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya a kusa da ƙauyen Dufuna, a jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani kwale-kwale binne a ƙasa. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt ta Jamus suka tono shi a 1994, sai aka tarar tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kuma kimanin 8,000, wato shi ne jirgi mafi daɗewa da aka taɓa samu a nahiyar Afirka, kuma yana cikin mafiya daɗewa a duniya. Masana sun yaba da yadda aka fiƙe goshinsa da wutsiyarsa, alamar cewa wanda ya yi shi ya gaji sana'ar ne daga wasu da suka riga shi. Daga wancan lokaci zuwa yau, masassaƙa da maƙeran jirgi a bakin kogin Kwara da Binuwai, da Argungu, da Yawuri, da Tafkin Chadi, kowane yanki na da irin siffar da ta dace da ruwansa da kayan da yake ɗauka. Wannan ilimi a ka yake da hannu, daga uba zuwa ɗa, daga maigida zuwa yaron shago.

Kuma lokaci na ƙure masa. Haɗurran jiragen ruwa sun yi mana ɓarna mai ciwo: na yankin Warra a jihar Kebbi a watan Mayun 2021, da na Patigi a jihar Kwara a watan Yunin 2023 inda mutum sama da 100 da ke dawowa daga biki suka rasu, kaɗan ne daga ciki. A 2025 Ministan Harkokin Teku, Adegboyega Oyetola, ya yi kira ga jihohi da su raba jigilar fasinja da jiragen katako, su koma na zamani. Ba ni da ja a kan duk matakin da zai tsare rayukan jama'a, rai ya fi komai. Sai dai lodin da ya wuce kima, da tafiyar dare, da rashin rigar ruwa, da kututturan da ke kwance a ƙarƙashin kogi, ba su da alaƙa da gwanintar wanda ya fitar da siffar jirgin. Idan aka kawar da jiragen katako ba tare da an auna su an adana siffarsu ba, za mu zubar da abin da aka yi dubban shekaru ana tacewa, sannan mu sayo siffar da aka tsara don wani ruwa daban. Ko sabon jirgin da za a zuba a masana'anta, ai sai an ba shi siffa, kuma babu inda ya fi cancanta a fara nema kamar wurin waɗanda suka san kogin.

Don haka kirana ya kasu uku. Ga Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa, da sassan koyar da zane da aikin injiniya na jami'o'i da kwalejojin fasaha: a tura ɗalibai da tef da littafi su auna jiragen da ke bakin kogunanmu, su rubuta sunan da masu su ke kiran kowane sashe da shi, su zauna da tsofaffin gwanaye tun suna raye, sannan a sassaƙa ɓarin kowane iri a ajiye, ko a gidan tarihi na Kanta da ke Argungu ko a wani wuri makamancinsa. Ga malaman aikin katako a makarantun sakandare da na koyon sana'a: maimakon kowace shekara yaro ya haɗa ɗan benci ko akwatin alli, a gwada ba shi ɓarin kwale-kwalen garinsu, a ga irin lissafin da zai koya ba tare da ya sani ba. Ga sauran jama'a kuwa, musamman ma'aikacin da ritaya ke ƙarato masa yana tunanin inda zai kai yininsa, da kafintan da ke ƙona ragowar katako kowace yamma, ga aiki nan mai arha da zai riƙe hannu da hankali.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Amurkawa sun auna nasu jiragen a lokacin da suke cikin yunwa, masu sha'awa kuma suka riƙe sassaƙar bayan kasuwa ta sake ta, shi ya sa jikokinsu ke iya ɗora hannu a kan siffar jirgin da ya nutse shekara ɗari da suka wuce. Mu namu gwanayen suna nan da ransu a bakin ruwa, gizagonsu a kafaɗa, kuma ba su taɓa hana mai tambaya amsa ba. Abin da ya rage shi ne a sami wanda zai je da abin awo da guntun katako ya zauna kusa da su, mu kuma idan muka gan shi yana fiƙa, mu daina tambayarsa nawa zai sayar.